Daga Handul Zuwa Makulli: Tarihin da Ke Cikin Canza Batirin Mota



Rubutun yau ya samo asali ne daga wani ɗan tabo da ke tafin hannuna na dama. Shekarun baya, wata safiya cikin hunturu, na murɗa makullin motata sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, inji ya ƙi juyawa. Batir ya mutu. Na hau acaɓa na sayo sabo, na ce a raina don me zan biya bakanike kuɗin kwance noti biyu? Na ɗaga bonet, na ɗauki sifana, na kama kan batir mai jan murfi na fara kwancewa. Ban yi juyi uku ba gindin sifanar ya taɓa ƙarfen jikin mota. Wuta ta yi tartsatsi, sifanar ta ɗauki zafi nan take ta ƙone ni, na yar da ita na yi tsalle baya.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, yana kan dakali yana shan hantsi. Ya ce, "Yaro, wa ya koya maka farawa da ja? Baƙi ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe." Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce, "Haka muka tarar." Sannan ya miƙo mini wuyan hannunsa na dama, wanda ya ɗan karkace, ya ce, "Kai ƙuna ka samu. Mu a zamaninmu in batir ya mutu sai handul, ga abin da ya bar mini."

Amsar "haka muka tarar" ba ta ishe ni ba, shi ya sa na bi diddigi. Abin da na gano shi ne, aikin nan da ba ya wuce minti goma, kowace ƙa'ida a cikinsa tana da shekarar da aka kafa ta da dalilin da ya kawo ta.

BATIR YA GIRMI MOTA

A shekarar 1800 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faya-fayan jan ƙarfe da na tutiya, ya raba tsakaninsu da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri, sai lantarki ya gudana. Daga sunansa aka samo bolt, ma'aunin ƙarfin lantarki, ba bolt abokin noti ba. Aibin irin wannan batir ɗaya ne: in ya ƙare ya ƙare.

A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya naɗe falle biyu na dalma ba tare da sun taɓa juna ba, ya tsoma su a ruwan asid na salfa. Ya ga in aka ɗura musu lantarki suna riƙewa, in sun juye kuma ana iya sake cika su. Wannan ne batir na farko da ake yi wa caji. A 1881 wani Bafaranshen, Camille Faure, ya shafa wa fallen ƙullun garin dalma, abin da ya sa batir ya riƙa ɗaukar wuta da yawa kuma ya yi saurin ƙeruwa a masana'anta. Karl Benz na Jamus bai yi rajistar motarsa mai fetur ba sai 1886. Ke nan batirin dalma ya ba mota shekara 27.

Har yau abin da ke cikin baƙin akwatin nan bai sauya asali ba. Ɗakuna shida ne, kowane yana ba da bolt 2.1, a haɗa su a samu kusan 12.6 in batir ya cika. Yayin da yake ba da wuta, asid yana shiga jikin dalma ya zama wani farin gishiri, ruwan kuma ya tsinke. Caji ne ke mayar da komai yadda yake. In aka bar batir babu caji na tsawon lokaci, gishirin nan ya daskare a jikin falle ya ƙi narkewa. Dalilin da ya sa motar da aka ajiye wata biyu ba a tayar ba take cinye batirinta ke nan.

Da farko ma batir ba bawan fetur ba ne, kishiyarsa ne. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa a duniya mai lantarki ce, wadda Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya tuƙa a Faransa a 1899, kuma baturan dalma ne suka ja ta.

ZAMANIN HANDUL

Injin fetur ba ya iya tayar da kansa, sai an juya shi tukuna. Duk wanda ya taɓa ganin ana tayar da injin niƙa a ƙauye ya san yadda abin yake: a zura ƙarfe mai lanƙwasa a gaban inji, a murɗa da ƙarfin tsiya har ya kama. Haka ake tayar da mota a farkon ƙarni na 20. Motoci da yawa ba su da batir ko kaɗan, domin wata na'ura mai maganaɗisu ce ke ba fulogi wuta, fitilu kuma na gas ne ko na kananzir.

Haɗarin yana wajen lokacin da fulogi ke kunna wuta. In direba ya manta bai jinkirta shi ba, fetur na iya kamawa kafin fistin ya kai ƙololuwa, sai inji ya juya da baya, handul ya dawo wa mai murɗawa da ƙarfin doki. Karayar wuyan hannu ta yi yawa har likitocin Turai suka raɗa wa wani nau'inta suna karayar direba, sunan da ke cikin littattafan ƙashi har gobe. Direbobi suna koya wa yaransu kada su zagaye handul da babban yatsa, kuma su ja shi sama, kada su danna ƙasa.

Saboda haka mallakar mota a lokacin tana nufin ko kana da ƙwanji ko kana da kuɗin ɗaukar mai ƙwanji. Mata da tsofaffi masu hali suka fi son mota mai lantarki. Henry Ford kansa, wanda ya cika Amurka da motocin fetur, motar lantarki ƙirar Detroit Electric ya saya wa matarsa Clara.

Labarin da aka saba bayarwa a birnin Detroit shi ne, wani mai ƙera motoci, Byron Carter, ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan gada, handul ya dawo ya karya masa muƙamuƙi, daga baya ya rasu a 1908. Aka ce rasuwar ta girgiza Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, har ya ƙudurta raba motocinsa da handul. Wanda ya warware masa matsalar shi ne Charles Kettering, injiniya a garin Dayton na jihar Ohio.

Injiniyoyi da dama sun lissafa cewa injin lantarkin da zai iya juya injin mota sai ya yi girman da ba zai shiga mota ba. Kettering ya taɓa aiki a kamfanin National Cash Register, inda ya sa wa akwatin kuɗin kanti ƙaramin injin lantarki a madadin murɗawa da hannu. A can ya koyi cewa ƙaramin inji zai iya yin aikin da ya fi ƙarfinsa matuƙar na 'yan daƙiƙoƙi ne, ya huta kafin ya ƙone. Wannan tunani ne ya haifi abin da bakanikanmu ke kira kik. Cadillac ta 1912 ce ta fito da shi, tare da fitilun lantarki, duk a kan batir ɗaya. Ford ya sa wa Model T nasa a 1919.

Daga nan batir ya zama dole a kowace mota, kuma kik yana cikin abubuwan da suka durƙusar da motar lantarki ta wancan zamani, tunda ya cire wa motar fetur babban aibinta. Wannan tarihi ne ya sa ake hana mutum riƙe makulli yana ta murɗawa in mota ta ƙi tashi: kik yana zuƙar amfiya ɗaruruwa, ba a gina shi don dogon aiki ba. Handul kuwa bai tafi nan da nan ba. Ya zauna a matsayin ko-ta-kwana a tsofaffin Land Rover da manyan motoci, Citroën 2CV ma ta riƙe nata har aka daina ƙera ta a 1990. A irin wannan rana ta mutuwar batir ce Baba ya samu karayarsa.

ME YA SA BAƘI?

Lantarki sai ya je ya dawo. Maimakon a ja waya biyu zuwa kowace fitila, masu ƙera mota suka ja guda ɗaya, suka bar ƙarfen jikin mota ya zama hanyar dawowa. Don haka kai ɗaya na batir a ɗaure yake da jikin mota. A motocin yau, mai alamar ɗebewa ne, wato baƙi. Duk inda ka taɓa ƙarfe a cikin bonet, kamar ka taɓa baƙin kai ne. Da na sa sifana a jan kai gindinta ya taɓa jiki, na haɗa kawunan biyu ne kai tsaye, batir ya juye ƙarfinsa cikin sifanar. Da baƙi na fara cirewa, ko sifana ta taɓa jiki babu abin da zai faru, kuma da zarar ya fita, hanyar dawowa ta yanke, jan ma ya zama lafiya lau.

Sai dai ba kullum haka aka tarar ba. Motocin Ford na Amurka mai alamar tarawa suke ɗaurewa da jiki har 1955. Motocin Ingila irin su Austin da Morris, waɗanda suka cika titunanmu kafin 'yancin kai da bayansa, sun ci gaba da haka har cikin shekarun 1960. Ainihin ƙa'idar ke nan: a fara cire wayar da ke ɗaure da jikin mota. Ta zama "baƙi" ne bayan da kamfanoni suka daidaita a kan tsari ɗaya.

A daidai wannan lokaci aka bar bolt 6 aka koma 12. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injuna sun ƙara girma da matsi, bolt 6 ya fara gaza juya su. General Motors ya fara sa 12 a wasu motocinsa a 1953, Ford ya biyo a 1956, Volkswagen Beetle kuwa sai 1967. In aka ninka bolt, rabin amfiya ya isa yin aiki iri ɗaya, wayoyi kuma su yi siriri. Manyan motoci sun ƙara ninkawa zuwa 24, shi ya sa za ka ga batir biyu a gefen tirela.

Sauyi na uku shi ne na na'urar caji. Da dinamo ake yi, har Chrysler ya sa altaneta a motarsa Valiant a 1960, sauran suka bi. Altaneta tana caji ko inji na tafiya a hankali, amma a cikinta akwai ƙananan na'urori da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. A juya kawunan batir na daƙiƙa guda, sun ƙone. Akwai kuma wata al'ada da muka gada daga zamanin dinamo wadda har yau ake yi a garejinmu: a tayar da mota da batirin aro, a zare shi inji na aiki a mayar da mataccen, ko a cire kan batir don a gwada ko tana caji. A tsohuwar mota mai dinamo abin yakan wuce lafiya. A motar yau, batir ne ke shanye hauhawar wutar altaneta, in aka zare shi wutar na iya yin tsalle ta ƙone kwamfutar mota, a yi asarar da ta ninka kuɗin batir.

DAGA GYARA ZUWA CANJI

A da batir ba abin da mai mota ke canzawa a ƙofar gida ba ne, abin kai wa gwani ne. Akwatinsa na baƙar busasshiyar roba ne, an like samansa da kwalta. In ɗaki ɗaya ya mutu, mai batir zai narkar da kwaltar, ya zaro fallen, ya sa wasu, ya sake likewa. Kowane ɗaki yana da murfi, kuma dole a riƙa dubawa ana ƙara tataccen ruwa, domin caji yana raba ruwa ya zama iska. Iskar nan haidirojin ce, mai kamawa da wuta, ita ce dalilin hana shan taba ko ƙyasta ashana a kan batir. Shagon mai cajin batir da muka taso muka gani a unguwa, da wayoyinsa da kwalabensa, ragowar wannan zamani ne.

A ƙarshen shekarun 1960 aka fara yin akwatin da filastik mara nauyi, a like shi gaba ɗaya. A shekarun 1970 aka gauraya dalma da kalsiyam, abin da ya rage ƙonewar ruwa sosai, aka samu batirin da ba a buɗewa. Daga nan ya tashi daga abin gyara ya koma abin canji, kuma a nan ne canza batir da kanka ya zama aikin kowa. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta dace da wannan zamani: ka ɗaga bonet, ga batir a fili. Beetle kuwa a ƙarƙashin kujerar baya take ɓoye nata, in murfinsa ya ɓata kuma mai nauyi ya zauna, ƙarafan kujera na iya haɗa kawunan biyu.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Lambar ƙarfin tayarwa da ake rubutawa a jikin batir ana auna ta ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, domin damuwar Turai da Amurka ke nan. Mu zafi ne ke cin namu. Zafi yana ƙafar da ruwa, yana sa fallen dalma zagwanyewa, kuma a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu kan wuce digiri 40 tun kafin a haɗa da zafin inji. Bazara ce ke yi wa batir illa, hunturu ya zo ya tona asiri, lokacin da man inji ya yi kauri batir kuma ya yi sanyi. Ranar da tawa ta ƙi tashi, watanni ke nan da aka gama da shi.

Ga aikin a taƙaice. Kashe inji, zare makulli, cire zobe da agogon ƙarfe. Duba sabon batir ya yi daidai da tsohon a girma da ƙarfi da ɓangaren da kowane kai yake. Kwance baƙi, yawanci da sifana mai lamba 10, ka kawar da wayar gefe. Kwance ja, sannan maɗaurin da ke riƙe batir. Ɗaga shi a tsaye, kada ka karkata. Goge farin garin da ke kan wayoyi. Sa sabo, ɗaure shi kada ya yi rawa, mayar da ja, sannan baƙi. In inji ya tashi, ma'auni ya kamata ya nuna kusan bolt 14. In bai wuce 12 da 'yan kai ba, matsalar caji ce, sabon ma zai bi tsohon.

Amma tarihi yana neman komawa inda ya fito. Motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas yanzu, wasu a but ko ƙarƙashin kujera batirinsu yake. Masu kashe kansu a danja su tashi in an saki birki suna son batir na musamman. Wasu, kamar BMW, sai an jona na'ura an shaida wa kwamfutar mota cewa an sa sabo, in ba haka ba ta ci gaba da yi masa cajin tsoho har ya lalace da wuri. Wasu rediyonsu na kullewa sai an sa lambar sirri. Da mai ƙwanji ake nema, yanzu mai kwamfuta. Kafin ka ɗauki sifana, ka san wane zamani motarka ta fito.

INA TSOHON YA TAFI?

Batirin ƙaramar mota yana kai kilo 15 zuwa 20, fiye da rabinsa dalma ce. A Amurka kusan kashi 99 cikin ɗari na irin waɗannan batura ana sake narkar da su, domin mai sayarwa yana riƙe wani kuɗi sai ka kawo tsohon. Mu ma ba ma zubarwa, tunda kwandem kuɗi ne, 'yan jari-bola na bi gida-gida suna saye. Bambancin yana wajen yadda ake fasa shi. In an tsiyaye asid a ƙasa, aka sare akwatin da gatari, aka narka dalma a fili cikin unguwa, ƙurarta na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

A Thiaroye-sur-Mer, wajen birnin Dakar na Senegal, an daɗe ana fasa tsofaffin batura har ƙasar unguwa ta cika da dalma. Da farashinta ya tashi, mutane suka riƙa kwaso ƙasar suna tankaɗewa a gidajensu don su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara ƙanana 18 suka mutu. Mu ma mun san wannan guba. A Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka. A can daga dutsen zinare da ake niƙawa a gida ta fito, amma ƙarfen ɗaya ne da wanda ke cikin batirinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Yanzu da sola da inbata suka shiga gidaje, baturan dalma sun ƙaru a cikin ɗakunanmu.

Abin da ke hannun mai mota kaɗan ne amma yana da amfani: ya mayar da tsohon ga dillalin da ya sayar masa da sabo, a tsaye, da ruwansa a ciki, ba tare da an fasa ba. Kada ya ajiye shi inda yara ke wasa, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Da na gama tattara duk wannan, na koma wajen Baba a kan dakalinsa na zayyana masa, tun daga Planté har Kettering, ina jin kaina malami. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Madalla, yanzu ka san dalili. To ina tsohon batirin naka?" Na yi shiru. Yana cikin zaurenmu tun ranar, ƙannena har sun mai da shi kujera. Da yammar nan na ɗora shi a but na kai wa dillali.

Wanda ya taɓa murɗa handul a cikinku, ko ya ga mahaifinsa na yi, ya ba mu labari. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.